Darasi na 12: Sauya Wa Jitar Lantarki Fikof Mai Ƙarfi

Manufar darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. bayyana yadda fikof yake mayar da motsin tsirkiya ya zama lantarki;
2. faɗin abin da ake samu da abin da ake rasawa idan an sa fikof mai ƙarfi;
3. zaɓen fikof da ya dace da jita da kuma irin kiɗan mai ita;
4. cire tsohon fikof, ya ɗaura sabo, ya gwada aikinsa.

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa halartar biki a Agadas ya san jitar lantarki ta daɗe da zama 'yar gida a can. Daga wannan yanki Bombino ya fito, wanda faifansa na 2018 ya kai shi takarar lambar yabo ta Grammy. Shi kuwa Mdou Moctar, jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, wayar burkin keke ce tsirkiyoyinta. Ana kuma kaɗa jita a majami'un Jos da Kaduna da ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano. Yawancin jitocin da ke hannun masu koyo da makaɗan biki na gwanjo ne, ko kuma masu araha da aka kwaikwayi ƙirar manyan kamfanoni. Don haka mai gyaran rediyo da amfilifaya ba zai rasa ranar da za a shigo masa da jita a ce, "Maigida, a ƙara mata ƙarfi" ba. Wannan darasi zai nuna yadda ake yin aikin, da kuma yadda ake gane ko ya ma kamata a yi shi.

Mene ne fikof?

Fikof ɗin da muke nufi a nan ba motar a-kori-kura ba ce. Wani ɗan akwati ne da ke kwance a jikin jita, daidai ƙarƙashin tsirkiyoyi. Shi ne kunnen jita. Garaya da molo suna da ƙoƙo da fata da ke ƙara musu amo, amma jitar lantarki katako ne curarre. In ka kaɗa ta ba a jona ba, wanda ke bakin ƙofa ma da ƙyar zai ji.

Abu biyu ne a cikin fikof: maganaɗisu da koyil. Koyil ɗin wayar jan ƙarfe ce da kaurinta bai wuce na gashin kai ba, kimanin milimita 0.06, an naɗa ta sau dubbai. A fikof irin na jitar Stratocaster, wadda kamfanin Fender ya fitar a 1954, naɗin yakan kai wajen 8,000. Maganaɗisun yana kama tsirkiyar ƙarfe da ke samansa. Da an kaɗa ta, sai karkarwarta ta motsa ƙarfin maganaɗisun da ke ratsa koyil, wannan motsi kuma ya haifar da 'yar wutar da ba ta cika kai bolt ɗaya ba. Ita ce ke bin waya zuwa amfilifaya, a ƙara mata ƙarfi, ta fito ta lasifika.

Michael Faraday na Ingila ne ya gano wannan ƙa'ida a 1831, kuma da ita janareta ke ba da wuta. Wanda ya taɓa naɗin koyil ɗin fanka ko injin ban-ruwa ya riga ya san rabin darasin nan. A 1932 kamfanin da George Beauchamp da Adolph Rickenbacker suka kafa a Amurka ya fara sayar da jita mai irin wannan kunne. A lura da abu ɗaya: tsirkiyar roba ba ta aiki da fikof, domin maganaɗisu ba ya kama ta.

Koyil ɗaya da koyil biyu

Fikof mai koyil ɗaya yana da murya siririya, mai zaƙi, garau kamar ƙararrawa. Aibinsa shi ne ba ya tankaɗe abin da yake ji. Yana kwaso ƙugin wutar gida, wadda a Nijeriya da Nijar take juyawa sau 50 a daƙiƙa, sai ka ji lasifika tana "zuuu" ko ba a taɓa tsirkiya ba. Kusa da taransifoma ko janareta abin ya fi muni.

Wani injiniyan kamfanin Gibson mai suna Seth Lover ya nemi rajistar maganin wannan matsala a 1955, kuma a 1957 aka fara sa shi a jitar Les Paul. Koyil biyu ya jera. Ya haɗa su ta yadda wutar ɗaya ke bin akasin hanyar ɗaya, ya kuma juya fuskar maganaɗisun da ke ƙarƙashin kowanne. Ƙugin da ya shiga koyil na farko sai na biyu ya kashe shi, muryar tsirkiya kuwa ta haɗu ta ƙaru. Sunan wannan fikof hambaka, ma'ana mai kashe ƙugi. Muryarsa ta fi kauri, kuma ya fi ƙarfi.

Abin da ake nufi da fikof mai ƙarfi

A shekarun 1970 makaɗan rok na Amurka da Ingila sun so amfilifaya ta riƙa gurnani, wato a tura mata wuta fiye da yadda za ta iya fitarwa garau, har muryar ta dishe ta yi kaushi, amon kuma ya daɗe bai mutu ba. A 1972 Larry DiMarzio na birnin New York ya fitar da Super Distortion, wanda ya shiga ramin hambaka daidai ba sai an sassaƙe jita ba. Daga nan sauya fikof ya zama kasuwa mai zaman kanta. Kamfanin Seymour Duncan, da aka kafa a 1976, shi ma ya yi suna da nasa mai suna JB.

Hanya uku ake bi a ƙara wa fikof ƙarfi. Ta farko, a ƙara yawan naɗi. Ta biyu, a sa maganaɗisu mai ƙarfi, kamar na siramik ko wanda ake kira alniko 5. Ta uku, a sa 'yar ƙaramar amfilifaya a cikin fikof ɗin kansa, mai aiki da batir na bolt 9, kamar EMG 81.

Masu sayarwa sukan nuna ƙarfin fikof da adadin om ɗin da mita ta karanta a koyil ɗinsa. Ga kimanin yadda alƙaluman suke:

Koyil ɗaya irin na Stratocaster: kilo'om 6.
Hambakar Gibson ta farko: kilo'om 7.5 zuwa 9.
Super Distortion: kilo'om 13.7.
JB: sama kaɗan da kilo'om 16.

Sai dai a yi hattara. Om tsayin waya da sirantarta yake aunawa. Idan aka yi naɗi iri ɗaya da waya mafi siranta, om zai hau, ƙarfin kuwa yana nan inda yake. Saboda haka kada a kwatanta fikof biyu da om kaɗai, sai in ƙirarsu ɗaya, maganaɗisunsu ɗaya. Zafi ma yana canza lissafi. Om ɗin jan ƙarfe yana ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri ɗaya. Koyil da aka auna kilo'om 10 a ɗaki mai sanyin digiri 20 zai nuna wajen 10.8 a shagon da ya kai digiri 40 cikin watan Afrilu. Kada ka ga haka ka ce an cuce ka.

Riba da hasara

Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Duk naɗin da aka ƙara a koyil yana ƙara wuta, yana kuma danne siraran muryoyi. Fikof mai ƙarfi yana kawo kauri da cikar tsakiyar murya, yana sa amfilifaya ta yi gurnani da wuri, yana kuma tsawaita amo. A madadin haka zaƙin nan na ƙararrawa yana raguwa. Bambancin da ke tsakanin taɓawa a hankali da kaɗawa da ƙarfi shi ma yana ƙanƙancewa, domin amfilifayar ta riga ta cika tun daga taɓawar farko.

Ga misali. Wani saurayi makaɗin biki ya shigo shago da jita mai fikof uku masu koyil ɗaya, da sabuwar hambaka a kwali.

"Maigida, ina so ka ɗaura min wannan. In ganguna suka ɗauka, ko kaina ba na ji."

Mai gyara ya jona jitar, ya ce, "Kaɗa min abin da kake kaɗawa a wurin biki."

Saurayin ya shiga salon nan na Agadas, yatsu suna gudu a kan siraran tsirkiyoyi, kowane amo yana fita shi kaɗai. Mai gyara ya saurara, sannan ya goga yatsa a ƙarƙashin tsirkiya ta biyu. Yatsan ya fito da jan tsatsa. Ya leƙa gefen jitar, ya ga fikof ɗin jaki, wato na kusa da ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a gindin jita, ya nutse ƙasa, tazararsa da tsirkiya ta kai faɗin fensir. Amfilifayar saurayin kuwa 'yar ƙarama ce ta gwaji a ɗaki, mai wat 15.

"Samari," in ji shi, "fikof ɗinka lafiyarsa ƙalau. In na sa maka wannan, amfilifayarka za ta yi ta gurnani, amma ba za ta fi ganguna ƙara ba, domin iyakarta wat 15. Gudun yatsun nan naka kuma zai cakuɗe. Mu sauya tsirkiya, mu ɗago fikof, ranar biki ka yi hayar babbar amfilifaya."

Abin lura a nan shi ne, iyakar ƙarar jita tana hannun amfilifaya da lasifika. Fikof launin murya yake canzawa, da saurin kaiwa ga gurnani. Mai kiɗan rok ko wanda ke son amo mai kauri da tsawo zai amfana da fikof mai ƙarfi. Mai salon da ke buƙatar murya garau yana iya yin hasara.

Bincike kafin sayayya

Kafin a kashe ko sisi, a duba waɗannan:

1. Tsirkiya. Gumi da ƙurar hunturu suna kashe muryarta. A sa sabuwa a sake saurare.
2. Tsayin fikof. Wanda ya yi nisa da tsirkiya ba ya ji sosai.
3. Wayar jona jita da ramin da take shiga. A gwada wata wayar, a ɗaure notin ramin.
4. Maɓallan ƙara murya da makunnin zaɓen fikof. In suna ƙarar "ƙarr" idan an murɗa, ƙura ce ta shiga, a wanke su da feshin wanke kayan lantarki.

In duk an yi wannan mai jita bai gamsu ba, to sai a zo batun zaɓe. Abu huɗu ake dubawa.

Na farko, girman rami. Hambaka ta ninka koyil ɗaya faɗi. In ramin na koyil ɗaya ne, akwai hambaka siririya da aka ƙera don shiga cikinsa, kamar Hot Rails. Wannan ya fi a sa kurfi a sassaƙe jikin jitar mutane.

Na biyu, tazarar tsirkiyoyi. A auna daga ta farko zuwa ta shida a saman fikof ɗin jaki. In ta kai milimita 52 ko 53, a nemi hambaka mai faɗin kawuna. In wajen 49 zuwa 50 ce, ta yau da kullum ta isa.

Na uku, maɓallin ƙara murya, wanda masu gyara ke kira fot. A bayansa ko gefensa an rubuta ƙimarsa. Koyil ɗaya yakan tafi da 250k, wato kilo'om 250, hambaka da 500k. In aka bar 250k a kan hambaka mai ƙarfi, muryar za ta ƙara dushewa. Fikof mai batir irin na EMG kuwa 25k yake so, da wurin ajiye batir, da ramin waya mai kai uku. Mai koyo ya fara da marar batir.

Na huɗu, jabu. Akwai fikof da yawa masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni alhali ba nasu ba ne. Araha ba ta ado. Je kasuwa da mitarka, ka auna, ka kwatanta da abin da kamfanin ya rubuta.

Kayan aiki

Ƙarfen liƙi mai wat 30 zuwa 40, dalmar liƙin lantarki mai ƙaro a ciki, mita, sukundireba, filaya mai yanka, baƙin tef, rula mai milimita, tsumma mai laushi, da ɗan kwano na zuba sukurori. Kada a yi amfani da ruwan asid irin na masu liƙin radiyeta, yana cinye waya.

Matakan aiki

1. Zare wayar jita daga amfilifaya. Shimfiɗa tsumma a tebur ka kwantar da jitar.
2. Auna sabon fikof tun kafin ka kwance komai. In mita ta nuna sifili, ko ba ta motsa ba sam, mayar da shi inda ka saya.
3. Sassauta tsirkiyoyi ka cire su. A jita irin Stratocaster, wayoyin suna ƙarƙashin faifan roba na gaba. A irin Les Paul, akwai murfi a baya.
4. Ɗauki hoton wayoyin da wayarka ta hannu, ka kuma zana su a takarda. Bayan minti goma ba za ka tuna wace ta fito daga ina ba.
5. Bi wayar tsohon fikof. Za ka ga ta rabu biyu: mai ɗauke da murya tana zuwa makunni ko ƙafar fot, ta ƙasa kuma an liƙa ta a bayan fot. Rufe fentin jita da tsumma, ka narkar da dalmar ka cire su.
6. Kwance sukurori biyu na gefen fikof. Riƙe sifirin ɗinsu da yatsa, domin in suka yi tsalle sai an share shago kafin a gan su.
7. Ɗaura sabon, ka zura wayarsa ta ramin da tsohuwar ta bi.
8. Karanta takardar da ta zo da shi, saboda kowane kamfani da launin wayoyinsa. A hambakar Seymour Duncan, baƙa ce mai murya, koriya da tsirarar waya su ne na ƙasa, ja da fara kuma a liƙe su tare a naɗe da tef. A ta DiMarzio, ja ce mai murya, koriya da tsirara na ƙasa, baƙa da fara ake haɗewa.
9. Shafa wa bakin kowace waya dalma tukuna, sannan ka liƙa. Ɗora ƙarfen a kan mahaɗar, ka bar dalma ta narke ta bi ta da kanta. Liƙi mai kyau yana sheƙi, santsi gare shi. Wanda ya yi dunƙule ya dushe, a sake shi. Kada ka daɗe a bayan fot, zafi yana lalata cikinsa.
10. Kafin ka rufe, jona waya a jitar, ka buɗe murya duka, ka auna tsakanin kan filogi da jikinsa. Adadin zai ɗan gaza na fikof kaɗan: mai kilo'om 16 a kan fot na 500k zai nuna wajen 15.5. Sannan ka jona amfilifaya a ƙaramar murya, ka ƙwanƙwasa kawunan fikof da bakin sukundireba a hankali. In ka ji "ƙwas, ƙwas" a lasifika, aiki ya yi.
11. Rufe, mayar da tsirkiyoyi, ka saita su.
12. Daidaita tsayi. Danne tsirkiya a ƙarfen ƙarshe na wuyan jita, ka auna daga ƙasanta zuwa kan fikof. Fara da milimita 2.4 a gefen masu kauri, 1.6 a gefen sirara, sannan kunne ya ƙarasa aikin. In fikof ya matso da yawa, maganaɗisu zai riƙe tsirkiya, amo ya mutu da wuri ko ya riƙa rawa kamar ba a saita ba.

Matsalolin da aka fi gamuwa da su

In babu murya sam, duba ko wayar murya ta taɓa ta ƙasa. In ƙugi ya ƙaru, wata wayar ƙasa ce ba ta liƙu ba, sau da yawa wadda ke zuwa jaki. In kowane fikof yana da kyau shi kaɗai, amma da an haɗa biyu sai muryar ta sirance kamar mai magana ta hanci, to sun saɓa wa juna. Musanya wayar murya da ta ƙasa mai launi a sabon fikof, tsirarar kuwa ta zauna inda take. In sabon ya danne sauran, sauke shi kaɗan ka ɗago su.

Kiyaye lafiya

Wutar cikin jita ba ta kisa, amma ta amfilifaya tana yi. Tsirkiyoyi a haɗe suke da ƙasan amfilifaya, saboda haka in wayar ƙasa ta filogi ta yanke, ko an jona janareta barkatai, wuta tana iya biyowa ta hannun makaɗi. A 1972 makaɗin jita Les Harvey ya mutu a kan dandamali a Swansea ta ƙasar Birtaniya, bayan ya taɓa makirufon da ba a haɗa masa wayar ƙasa yadda ya kamata ba. Kada ka karya ƙafa ta uku ta filogi. Kada ka buɗe amfilifaya mai kwalba in ba a koya maka ba, domin kafasitocinta suna riƙe ɗaruruwan bolt ko bayan an kashe ta. Yi liƙi inda iska ke shiga, ka wanke hannu kafin cin abinci, saboda dalma guba ce.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa biyu ne ke cikin fikof, kuma mene ne aikin kowanne?
2. Ta yaya hambaka ke kashe ƙugi?
3. Me ya sa adadin om kaɗai bai isa a auna ƙarfin fikof da shi ba?
4. Me ya sa mai gyara ya hana saurayin nan ɗaura hambakarsa?
5. Bayan ka gama aiki, mita ta nuna sifili a filogi. Ina za ka fara dubawa?

Aikin gida

Nemi jitar lantarki a wurin wani makaɗi ko majami'a ko ɗakin ɗaukar waƙa. Da izinin mai ita, auna om ɗin kowane fikof ta filogi, ka auna tsayinsa, ka rubuta. Tambayi mai jitar abin da yake so a muryarta da abin da ba ya so, ka zo aji da shawarar da za ka ba shi.

Ranar da ka fara karɓar irin wannan aiki, ka sa mai jita ya kaɗa maka tukuna kafin ka ɗauki sukundireba. In kuma ka sauya fikof, ka naɗe tsohon a takarda, ka rubuta om ɗinsa a jiki, ka miƙa wa mai shi. Wata rana zai iya dawowa ya ce a mayar masa da muryarsa ta dā.